Ranar da Aka Karɓe Mana Makara

Ko zan manta da komai a rayuwata, ban da ranar da na bi makarar abokina a guje, alhali na san da ransa a ciki.

Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da Shari'a, fina-finan Hausa kuma suna tashe. Ni tela ne a Rano, shagona kuwa majalisar 'yan zaman surutu ce. Babu abin da muke yi wa dariya kamar fina-finan tarihi masu aljanu, inda za a tayar da hayaƙi, wani ƙato ya fito da tsumma a ka yana ɓaɓɓaka dariya. Don tsokana muka ƙirƙiri namu, muka sa masa suna Sarki Ya Ƙi Kwanciya. Wai wani sarki ne na zamanin da ya auri 'yar sarkin aljanu, duk sanda ya mutu aka ɗauko shi za a binne, sai ya tashi zaune a kan makara ya ce a kawo masa ɗumame. A baki kawai fim ɗin yake, har ranar da wani mai ɗaukar bidiyon biki ya ce mu zo ya ɗaukar mana wajen tashin sarkin.

Abokina mai shayi shi ne sarki, don duk ya fi mu iya zare ido. Ni na ɗinka likkafanin, na kuwa ɗinka shi tsakani da Allah kamar na gaske. Muka haɗa makara da gwangwala, muka aro tsofaffin riguna wai kayan mutanen da. Ba mu yarda mun yi a gida ba, domin a lokacin dattijo ya ji an ce kana fim, to ya gama da kai. Sai muka tafi can bayan Tarai, inda babu wanda ya san mu.

Bazara ce, tun da hantsi rana take dukan mutum. Muka naɗe abokina a likkafanin, na ɗaure kai da ƙafa tamau, na ce masa, "Kome ka ji kada ka motsa, sai ka ji na ce ranka ya daɗe." Mai bidiyo ya yi gaba ya laɓe a bayan wani dutse, mu kuma muka saɓa makara muka hau hanya.

Abin da muka manta, wanda ko yaro ya sani, shi ne Musulmi ba ya ganin makara ya tsaya kallo. Wasu masu sharar gona suka hango mu, suka taho suna salati. Kafin in buɗe baki wani ya sa kafaɗa ya ture ni yana cewa, "Kawo, ɗan'uwa, mu ma mu samu lada." Haka aka karɓe mu ɗaya bayan ɗaya. Rigunan da muke taƙama na tarihi ne, ashe irinsu ne a jikin kowa. Suka saki hanyar dutse suka yanki wata, da saurin nan na masu kai gawa, mutane sai ƙaruwa suke yi.

Na so in faɗa musu gaskiya, tsoro ya hana ni. Ina kallon fartanya da sanduna a hannunsu, ina tunanin abin da za su yi mana idan na ce wasa muke yi da jana'iza. Na ce a raina ai babu kabari, in an je dole a tsaya a yi tambaya. Na kutsa saitin kansa na ce a hankali, "Ranka ya daɗe." Shiru. Na sake faɗa da ƙarfi. Ko yatsa bai motsa ba.

Muna shiga maƙabarta na hango mutane a tsaye, ga kabari a haƙe, ga itace a jere, har an kwaɓa ƙasa. Ashe wani tsoho ne ya rasu a wata ruga da safen nan, gawarsa ake jira, kowa kuma ya ɗauka ita ce ta iso. Aka sauke makara. Na waiga neman sauran abokaina, babu ko ɗaya.

Ban san sanda na faɗa kan likkafanin ba ina ihu, "Da ransa! Wallahi da ransa!" Sai aka rirriƙe ni ana ba ni haƙuri. Na ji wani yana cewa, "Ɗansa ne, ku janye shi, zafin rabuwa ne." Suka ɗauke ni cak kamar buhun gero. Ina ji ina gani aka ɗaga abokina aka miƙa shi cikin rami.

Dattijon da ke ciki yana karɓa shi ne ya tsaya. Ya shafa likkafanin, ya dubi tafin hannunsa, ya ce, "Ku dakata. Gawar nan gumi take yi." Ya kwance ɗaurin kai, fuskar abokina ta bayyana fara fat, baki a buɗe. Aka fito da shi aka kwara masa ruwan kwaɓin ƙasa, ya ja wani dogon numfashi mai ƙara wanda har yau nake ji a kunnena. Wasu tuni sun ranta a na kare.

Da na faɗi gaskiya, samari suka yo kaina da sanduna. Dattijon ya daka musu tsawa, "Ba a nan ba!" Daidai lokacin gawar gaske ta ɓullo daga nesa. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ba ɗaukar makara kuke sha'awa ba? Je ka ka karɓa." Na je na sa kafaɗa ina kuka, na kawo bawan Allahn nan har bakin ramin da aka ciro abokina.

Sai a mota, muna komawa Rano, ya iya magana. Ya ce, "Zafi ne ya danne ni, amma ina jin komai. Na ji ana Allah ya jiƙansa, na ji sanyin ƙasar a kafaɗata. Ina ta kiran ka, bakina ya ƙi buɗewa."

Fim dai ba a ɗauki ko tari ba, ba mu kuma sake ambatar sunansa ba. Ranar na koyi cewa ba kowane abu ake arowa a yi wasa da shi ba, kuma shirun da tsoron duka ya sa ni yi a hanya ya kusa binne mutum da ransa. Har yau in an kawo mini ɗinkin likkafani ina yi, amma bakina ba ya barin addu'a sai na yanke zare.