Maganin da Ya Fi Auki

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Kankia ya san Badamasi Mai Awo. Mutumin Dudunni ne, ta can ƙasar Kusada. Ni maƙwabcinsa ne a rumfa, wake nake sayarwa, kuma na sha tsokanarsa cewa ko gaisuwa sai ya auna yake yi. Ba rowa gare shi ba. Shi dai komai za a saya, daga shinkafa har sabulu, tambayarsa ɗaya ce: wanne ya fi auki?

Autarsa Rahma ce ta fi ƙarfin awonsa. Yarinyar ba ta zama. Tana kan katanga, tana bayan akuya, ana yi mata magana idonta na wani wuri. An yi rubutu, an yi hayaƙi, malaman makaranta sun yi bulala har sun gaji. Daga baya wani ɗan'uwansu ma'aikacin jinya ya sa aka kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa a Katsina. Likita ya ce ba iskoki ba ne, ba kuma rashin kunya ba, larura ce da ke hana yaro tattara hankalinsa. Ya ce magani iri biyu ne. Akwai mai tsada, ƙwaya ɗaya ta kai yamma. Akwai mai sauƙi, amma ƙarfinsa na ƙarewa wajen azahar, sai an ƙara wata.

"Likita, wanne ya hi auki?" in ji Badamasi.

Likita ya yi dariya, ya rubuta mai sauƙin.

Wallahi maganin ya yi aiki. Rahma ta zauna, ta iya karatu, har takan zo rumfa ta karanta mana rubutun jikin buhu. Ban taɓa ganin Badamasi cikin farin ciki irin na lokacin ba. Sai dai kwalba ɗaya takan cinye abin da ya fi ribar buhu, ga kuɗin mota zuwa Katsina. Sai ya yi irin lissafin da ya saba. Ƙwayar safe ta makaranta ce, dole a sha. Ta azahar kuwa ya riƙa ajiyewa a gwangwani, yadda ake ajiye iri.

"In ta dawo gida ai muna nan," ya ce mani. "Idona da na uwatta kyauta ne."

Wata ranar kasuwa bayan azahar ta kawo masa abinci. Yana cikin yi wa wata mata awon gero, ɗan akuyar wani ya tsinke ya nufi babban titi. Rahma ta bi shi. Na ji ƙarar birki kafin in gane wa ya fita da gudu.

Kowa ya faɗa masa kwana ne ya ƙare. Likitan ma ya aiko cewa babu ƙwayar da ke tsayar da mota. Badamasi ya ce haka ne, ya yi godiya. Amma tun daga ranar, da ladan ya kira azahar sai ka ga ya kife tiyarsa, ya juya yana kallon titi. Ya ce mani yakan ji ƙarar silifas ɗinta ta bayan rumfa, tana tahowa a guje, ba ta taɓa isowa. Ni ban taɓa ji ba, amma na daina zama ta wannan gefen, don tsoro nake ji.

Kwanaki ina taya shi kwashe buhuna, gwangwanin ya faɗo. Na ce ya kamata a zubar da ƙwayoyin, sun lalace. Ya karɓe, ya girgiza shi kusa da kunnensa.

"Bar su, Bube," ya ce. "Ka gani, har yau ba su ƙare ba. Sun yi auki."