Ranar da Tafarnuwar Gwaggo Saude Ta Riga Gero Shiga Inji

Ka taɓa shan kunun kanwa ka ji kamar miya ce ta ɓata hanya ta faɗo cikin kofinka? Ni na sha, kurɓa uku cif, kuma zan gaya maka yadda aka yi. Amma sai ka fara sanin Gwaggo Saude, ƙanwar mahaifina, wadda a Ƙafin Maiyaki ba a yi wa baƙo dogon kwatancen gidanta. Da ya shiga lungun, hancinsa zai gaya masa ƙofar.

Shekara tara ke nan da wani aboki ya kawo wa mijinta, Malam Ɗayyabu, tsarabar rabin buhun tafarnuwa. Kafin wata ya ƙare ta fara tsiro. Gwaggo kuwa ba ta iya kallon abu yana lalacewa. Ta zauna ta ɓare ta tas, ta yayyanka siri-siri, ta baza a faifai goma sha ɗaya, kwana shida tana juyawa. Da ta bushe ƙayau ta daka, ta tankaɗe, ta cika kwalba huɗu. Tun daga ranar ba ta sake zama mace irin ta da ba.

Yanzu kwalabenta ashirin da uku ne, ni na ƙirga. Tana sa garin a miyar kuka da ta kuɓewa, a yajin ɗanwake, a ƙullun ƙosai, a awara, a naman da za ta soya. Dokokinta uku ne. Rabin ƙaramin cokali ya ishi tukunyar mutum shida. A jiƙa shi da ɗan ruwa minti biyar kafin ya shiga tukunya, don ƙamshinsa ya farka. Kada kuma a zuba shi cikin mai mai ƙuna, nan da nan yake ƙonewa ya yi ɗaci. Akwai ta huɗu da take mantawa ta faɗa sai ta ga an karya ta: ba a kaɗa kwalbar a kan tururi, dunƙulewa yake yi kamar dutse.

Wata ma'aikaciyar asibiti ta taɓa gaya mata cewa amfaninsa babba shi ne yana sa abinci daɗi har mutum ya rage gishiri da magi, amma kayan ƙamshi ne, ba ya maye gurbin magani, kuma mai gyambon ciki ya bi shi a hankali. Gwaggo ta riƙe rabin farko da hannu biyu. Rabin na biyu ni nake tuna mata.

To, bara 'yarta Ramla ta zo gida haihuwar fari, ta samu ɗa namiji, suna ya kama ranar Alhamis. Dangin miji za su zo daga Doguwa mota biyu, a gabansu akwai uwar mijin, Hajiya Lubabatu, wadda aka ce ba ta kai loma baki sai ta sansana. Kunun kanwar ranar suna kuwa shi ne abin da ake auna uwar maijego da shi. In ya yi, an wuce wurin. In bai yi ba, har yaron ya yi gemu ana ba da labari a Doguwa, kuma Ramla ce za ta zauna cikinsu tana ji.

Ranar Laraba da safe muka ɗauki bokiti biyu zuwa injin Jamilu. Ɗaya gero ne tiya shida, an surfa an wanke, da citta da kanumfari a ciki. Ɗayan busasshiyar tafarnuwa ce tiya biyu, ta yajin jego. Tsarin injin kowa ya san shi: ka ajiye bokitinka a layi ka tafi harkarka, bokitin ne zai tsaya maka. Kayan yaji kuma jikin bango ake jingine su sai bayan la'asar, in an gama hatsi, sannan Jamilu ya bi injin da dusa ya wanke shi. Haka muka yi. Gero a layi, shi ne na goma. Tafarnuwa a jikin bango. Muka koma gida.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne kirkin Adda Zulaihat, maƙwabciyarmu. Tana zuwa ta gane bokitan Gwaggo, ta ce haba, ina aka taɓa barin gidan suna a layi? Ta kwashe su duka biyun ta kai gaba, ta sa mara nauyin a farko don ya yi sauri. Jamilu kuwa kwanansa uku da mura, ya naɗe fuska da tsumma, waya a kafaɗa yana musu da wani a kan taki. Ya juye bokitin farko bai duba ba. Ya juye na biyu a kansa. Sannan ya bi sauran tara ɗaya bayan ɗaya, yana ta aikinsa da zuciya ɗaya.

Da aka kawo garin, Gwaggo ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa.

"Bahijja, zo ki ji min. Ko hancina ne?"

"Gwaggo, daga zaure na ji."

"Ƙarya kike. Ɗan kaɗan ne. Ƙaro citta."

Na ƙara citta cokali huɗu. Muka baza garin a rana awa biyu, kaji ma suka zagaye shi suka wuce. Ta dama kaɗan, ta zuba sukari, na yi kurɓa ukun nan da na gaya maka, hawaye suka zo min. Ta ce ni ba a gwaji da ni, tun ina yarinya nake da tsirfa. Ta miƙa wa Malam Ɗayyabu.

Malam ya kurɓa, ya kalli katanga.

"Malam, yaya?"

"Alhamdu lillahi. Ina tuwon?"

"Wane tuwo? Kunu ne fa!"

"To," in ji shi, "Allah ya ba baƙi haƙuri."

Ba mu gama wannan ba sai ga sallama. Mata tara, kowace da bokitinta a hannu da fuska a murtuke. Wata ta ce furarta ta zama abin tausayi. Wata ta ce mijinta ya tambaye ta ko laifi ya yi mata. Adda Zulaihat tana can baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Gwaggo ta tsaya tsakiyar gida, ta dube su, ta ce: "Ku naku na gida ne, ku da mazanku za ku sha ku yi faɗa ku shirya. Ni gobe Doguwa za ta sha nawa. Ramla ce za a yi wa dariya."

Sai Adda Zulaihat ta matso. "Ni na kai bokitin gaba. Ina da gero tiya biyu surfaffe." Wata ta ce tana da ɗaya. Kafin la'asar an tara tiya biyar, an kawo turmi uku da taɓarya shida, don babu mai sake yarda da injin ranar. Amma sun kafa sharaɗi: Gwaggo ba za ta taɓa geron ba, ba za ta taɓa turmin ba, ba za ta zo kusa da tukunyar ba taku goma.

"A gidana? Sunan jikana?"

"Yaya Saude, hannunki ko da sabulu bakwai aka wanke sai ya yi tafarnuwa," in ji Adda Zulaihat. "Koma baya."

Ni na auna takun goma na ja layi da gawayi.

Garin nan da ya sha tafarnuwa kuwa Gwaggo ta rantse ba za a zubar ba. Ta kwaɓa shi da yis da albasa, ya kwana ya tashi, da safe ta kafa tanda a bayan ɗaki kusa da turken awaki, inda aka kore ta, tana soya wainar gero ita kaɗai tana ƙunƙuni.

Baƙi suka iso da hantsi, mata ashirin da bakwai. Aka gaisa, aka yi barka, aka ga jariri, aka kawo kunu. Hajiya Lubabatu ta karɓi kofi, ta sansana, ta kurɓa sau ɗaya, ta ce, "Madalla, ya yi." Na saki numfashi. Amma hancinta bai zauna ba. Ta miƙe kamar mai neman buta, ta zagaya bayan ɗaki, ni kuma ina biye da ita.

"Maman Ramla, ke da bikinki kike ɓuya cikin awaki? Me kike soyawa haka?"

Gwaggo ta rasa ƙaryar da za ta yi, sai ta faɗi gaskiya tun daga bokiti har layin gawayi. Hajiya ta yi dariya har mayafinta ya zame. Ta jawo kujera 'yar tsugunne, ta ɗauki waina da zafinta, ta dangwala yaji. Bakwai ta ci.

"Bari in gaya miki, amma kada ya fita," in ji ta. "Ni kunun kanwa ƙwarnafi yake sa ni. Shekara talatin ina shansa a gidajen suna don kunya. Yau ce ranar farko da na ƙoshi a gidan surukai. Ramla ta iya wannan?"

"Za ta iya kafin arba'in."

"To ki haɗo ta da kwalba biyu. Ɗaya tawa ce, ba ta ɗana ba."

Waina ɗari da tamanin da huɗu aka soya, ko ɗaya ba ta kai azahar ba.

Kai ma gwada, ba sai da inji ba. Sami tafarnuwa dunƙule biyar, ɓare, yanka siri-siri, shanya har ta riƙa karyewa in ka matsa, daka, tankaɗe, rufe a busasshiyar kwalba. Gobe in za a kwaɓa waina ko ƙosai a gidanku, sa rabin ƙaramin cokali a ƙullun, ka zauna kusa da tanda ka ƙirga nawa kowa zai ci.