Hoton Bayan Yaya

Yayana ɗan dako ne a kasuwar Malanville, shi ke loda buhunan albasa a kan kamiyo, babbar motar kaya. Zamanin soja ne, lokacin da ko malamin makaranta sai ka ce masa kamarad, wato abokin gwagwarmaya. Wata ranar kasuwa igiya ta tsinke, ya faɗo daga saman kaya, bayansa ya karye. Mai motar, Allah ya saka masa da alheri, shi ya kai shi Kwatano. Can aka yi masa aiki, aka sa masa ƙarfe a ƙashin baya. Ya dawo da ƙafarsa, yana takawa a hankali, da babban ambulan a hammata.

Cikin ambulan ɗin hoton radiyo ne, baƙi mai santsi, in ka ɗaga shi a rana sai ka ga ƙashi da ƙarfe. To, ka san mutanenmu da zuwa dubiya. Daga Garou aka zo, daga Madécali, dangin Inna na Gaya ma suka ƙetaro gada. Kowa ya gama sannu sai ya ce, "Malam, a gwada muna hoton." Baba kuwa ba ya ƙi. Ya fito tsakar gida ya ɗaga shi sama, "Kun gani? Ƙarfe cikin mutum, kuma yana tafiya!" Daga nan sai hannu zuwa hannu, mai ƙarnin kifi ya taɓa, mai maiƙon miya ya taɓa, wata tsohuwa har da karta da farce wai tana son jin ƙarfen. Na yi magana sau ɗaya, Baba ya ce, "Ke, a hana baƙo ganin ikon Allah?"

Da damina ta tsaya zazzaɓi ya kama Yaya. Aka ce na sauro ne, ya sha kinin har kunnensa ya toshe, a banza. Tabon a rufe yake sumul, amma ya ce mini, "Ƙanwata, wani abu na ci na daga ciki." Ni na raka shi asibitin Parakou don ni ke jin Faransanci, jandarma na ta sauke mu a hanya, Yaya kuwa yana cije leɓe.

Aka yi masa sabon radiyo. Likita ya manna shi jikin fitila, ya nuna mini wata siririyar inuwa a gefen ƙarfen. Ya ce ko haka take tun ranar aiki, ko kuwa ƙwayar cuta ce ke cin ƙashi, sai an gwada da hoton farko za a bambanta. Na miƙa masa namu. Ya ɗaga, ya juya, ya dube ni. "Mi kuka yi masa?" Daidai wurin da yake nema, nan ne kowa ya ɗora yatsa, ya goge fari fat. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce ba zai sa a sake buɗe bayan mutum a kan zato ba. Ya ba mu magani, ya ce mu dawo a sake ɗauka.

Kafin lokacin komawar, tabon ya fashe da mugunya. A kan tabarma muka shigar da shi wannan karon. Hoton da aka ɗauka ko ni na gane, ƙashin ya ciye kamar icen da gara ta shiga. Aka cire ƙarfen, rai ya tsira, amma ƙafafun sun mutu. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi, ban ma san da wa zan yi fushi ba.

Da muka dawo gida Baba ya daina zuwa majalisa, kullum yana zaune bakin shimfiɗar Yaya kansa a ƙasa. Wata safiya Yaya ya ce mini, "Ɗauko takalmana ki ba Baba, na ga nashi sun tsinke." Baba ya karɓa da hannu biyu, ya shiga ɗaki ya rufe. Muna tsakar gida muna jin kukansa, kuma ban taɓa jin kukan Baba ba sai ranar.