Na-Rami da Ƙafafun Jar Mota

Yayana ya shekara arba'in da biyu yana aiki a ƙarƙashin motoci, shi ya sa duk layinmu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya, sai Na-Rami. Garejinsa rumfar kwano ce mai ƙofa ɗaya, a tsakiyarta akwai rami mai matakala huɗu wanda shi da kansa ya haƙa, ya shafe shi da siminti. Shagona na kayan gyaran mota yana manne da garejin. Bango ɗaya ya raba mu, kuma a bangon akwai 'yar taga da yake zuro hannu ta ciki in yana son noti ko kofin shayi. Sau da yawa hannun kawai nake gani, baƙi ƙirin da giris, yatsu suna motsi, in gane abin da yake so.

Shi ba bakaniken inji ba ne. In ka kawo masa mota tana hayaƙi, sai ya nuna maka garejin gaba. Aikinsa ƙafar mota ne: shokozoba, sifirin, robobi, duk abin da ke tsakanin taya da bodi. Ya shiga sana'ar ne saboda babanmu, wanda ya yi tuƙin motar haya har gashinsa ya yi fari, kullum ya dawo gida yana dafe da ƙugu. Kowa ya ce tsufa ne. Yaya, yana ɗan shekara goma sha tara, ya ce motar ce. Ya tafi koyon aiki, bayan wata bakwai ya dawo ya sauya wa motar Baba shokozoba huɗu, ciwon ƙugun ya yi sauƙi. Tun daga ranar ya riƙe aikin hannu biyu. Ya yi aure, aka haifa masa 'ya'ya huɗu, duk daga ramin nan ya ciyar da su ya yi musu makaranta. Matarsa takan ce ta fi kowa sanin tsakiyar kansa, domin in ta kawo abinci daga sama take hango shi, kuma ita ce ta fara ba shi labarin cewa sanƙo ya kama shi.

Ba ya tambayar mai mota abin da ke damunta. Yakan shiga gefen direba ya zauna, ya rufe ido, ya ce, "Mu je." Kafin a kai ƙarshen layi ya ce, "Robar hagu ta baya ce." In an tambaye shi yadda ya sani, sai ya ce bayansa ne ya gaya masa.

Wata ranar Talata da hantsi muka ji wani gurnani a bakin layi, har kofuna suka motsa a kan kantata. Wata jar mota ce mai ƙofa biyu, gajera, mai faɗin taya. Masu shaguna duk suka leƙo don su ga wane ɗan gayu ne. Sai ga mace ta fito, mai shekara arba'in da wani abu, da farar rigar asibiti a kafaɗarta. Likitar haƙori ce. Ta gaishe shi da ladabi ta ce, "Baba, an ce kai ne mai jin mota da baya."

"Sharrin mutane ne, Likita," in ji shi. Amma ya riga ya zagaya ya buɗe ƙofa.

Da suka dawo ya fito yana goge goshi. "Lafiyar ƙafarta ƙalau," ya ce. "Ke ce dai kike neman abin da ba a yi ta dominsa ba."

Ta yi dariya ta amsa laifinta. Ashe sau biyu a wata takan kai motar wani filin tsere a bayan gari, inda masu irin waɗannan motoci suke zagaye ɗaya bayan ɗaya, ana duba musu lokaci da agogo. In ta shiga kwana da gudu motar takan kwanta gefe, in ta taka birki hancinta ya duƙa. Abokan tserenta sun ce ta sayi kwailoba daga ƙasar waje. Ta nuna masa hoto a waya: shokozoba ce da sifirin a nannaɗe a jikinta, da zare irin na noti, da zobba biyu da ake murzawa a ɗaga mota ko a sauke ta.

Yaya ya daɗe yana kallon hoton. "Gaskiya ban taɓa ɗaura irinta ba," ya ce. "In kina so in nuna miki wani."

"Kai nake so," ta ce.

Ya juyo wajen tagar ya ɗaga murya. "Auta! Zo ki karanta mini Turancin nan." Shekarata hamsin da ɗaya, ina da jikoki biyu, amma a bakinsa har gobe Auta ce.

Kwana uku muka yi, kullum bayan abincin rana, ni ina karantawa ina fassarawa, shi yana zane da alli a bango. Iri uku ne suka dace da motar. Ta farko ba ta da wani aiki sai sauke mota ƙasa don a kalle ta. Ta biyu ta tsere ce zalla, sifirin ɗinta kamar ƙarfen gada, samanta ma babu roba, ƙarfe ne a kan ƙarfe. Ta uku tana tsakani: ana ɗaga ta ana sauke ta, kuma a kanta akwai ɗan maɓalli da ake murzawa yana ƙas-ƙas, mataki talatin da biyu daga laushi zuwa tauri.

Likita ta dawo ranar Juma'a ta ɗora yatsa a kan ta biyu.

"Kwana nawa kike filin a wata?" Yaya ya tambaye ta.

"Biyu."

"Sauran ashirin da takwas fa, a sama take tashi? Ba kan titin nan namu take bi ba? To, ban da ke, wa ke shiga motar?"

Ta ce, "Innata. Duk Laraba nakan kai ta gidan ƙanwata ta ga jikoki."

"Shekararta nawa?"

"Saba'in da shida."

Yaya ya ɗauke yatsanta daga kan hoton a hankali, da bakin sifana, ya mayar da shi kan ta uku. Ita kuwa ba ta yi musu ba. Kafin in aika da saƙon saye sai da ya sa na tambayi kamfanin abu biyu: ko ta dace da shekarar motar daidai, da kuma ko ana samun robobin cikinta in ta fara yoyon mai. Ya ce shi ba ya ɗaura abin da in ya lalace sai dai a jefar.

Bayan sati biyar kwalin ya iso. Ban taɓa ganin Yaya ya wanke hannu kafin ya fara aiki ba sai ranar. Ya shimfiɗa sabon zane a kan benci ya jera kwailoba ɗin guda huɗu, ruwan zinariya da shuɗi, suna ƙyalli. Mai walda na gefenmu ya leƙo ya ce, "Na-Rami, waɗannan ɗaura su za a yi ko a falo za a ajiye?"

Kafin ya kwance ko noti ɗaya, ya auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin bodi, ya rubuta a bango. Ya shafa wa zaren giris don kada tsatsa ta kama shi. Ya cire tsofaffin, ya ɗaura sababbin, amma bai ƙulle notocin ƙasa tamau ba sai da ya sauke motar ta tsaya da nauyinta, wai in ba haka ba robobin za su murɗe su mutu da wuri. Likita ta zo da yamma ta tsaya a kansa tana cewa, "Baba, a ƙara sauke ta. Kaɗan dai. A ƙara." Shi kuma, da yake farin ciki ya ɗebe shi, ya yi ta murza zobba har motar ta kwanta kamar kyanwa mai shirin kamu. Kowa ya ce ta yi kyau.

Ta shiga ta tayar, ta nufi ƙofa a hankali. Sai muka ji ƙurrr. Haɓar motar ta hau dokin ƙofar garejin, ɗan tudun simintin da ke tare ruwan sama, ta tsaya cak. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi.

Mai walda ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa. Yaya ya zagaya ya duba, ya kalli Likita ta taga, fuskarsa ba alamar wasa, ya ce, "Ranki ya daɗe, motar ta ce ta samu gida. Sai dai ki riƙa zuwa kina gaishe ta."

Ta yi dariya har ta kifa kai a sitiyari. Da katako biyu da mutum huɗu aka mayar da motar ciki, washegari ya ɗaga ta da faɗin yatsa biyu.

Saura daidaita nauyi. Takardar da ta zo a kwalin ta ce a ɗora kowace taya a kan sikeli, a yi ta murza zobba har nauyin ya rabu daidai, kuma a yi hakan da nauyin direba a kujera. Yaya ya aro manyan sikeli huɗu wajen mai sayen tsofaffin ƙarafa. Aikin zai ci awa uku, Likita kuma tana da marasa lafiya suna jira, don haka sai a cika buhu da yashi a ɗora a madadinta. Nan fa ake yin ta. Ya zo bakin taga yana sosa ƙeya.

"Auta, ke mace ce. Je ki tambaye ta nauyinta."

"Kai ne bakanike," na ce.

"Ni na haifi 'ya'ya mata uku, na san abin da ke biyo bayan tambayar nan."

Ashe tana jinmu. Ta tuɓe takalmi ta haye sikelin mai ƙarafa a gaban kowa, ta karanta lambar da ƙarfi, sannan ta ce, "Ku ƙara kilo biyu, ban ci abincin rana ba."

Ranar Laraba ta zo da Innarta don gwaji. Wata 'yar tsohuwa ce siririya mai gilashi da sanda. Yaya ya gaishe ta har ƙasa, ya gaya mata cewa saboda bayanta aka zaɓi wannan ƙafa, kuma ya sa maɓallin a mataki na takwas, mai laushi. Ya naɗe kansa a kujerar baya, gwiwoyinsa a haɓa, suka tafi. Minti biyar suka dawo. Tsohuwa ta sauke gilashin mota.

"Ɗana, wannan mota ce ko katifa?"

"Inna, don bayanki ne."

"Bayana ya kawo maka ƙara? Shekara ashirin ina tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya. Wa kake zaton ya koya wa yarinyar nan shiga kwana? Ƙara mata tauri."

Yaya ya kalle ni ta taga, na kalle shi. Ya fito ya buɗe bonet, ya murza zuwa sha biyu. Suka zagaya suka dawo. "Ƙara." Sha shida. "Ƙara." A mataki na ashirin suka bi ta layin bayanmu mai ramuka, suka dawo tsohuwa tana dafe da baki.

"Haƙorana na roba sun kusa tashi," ta ce.

"Inna, ni na yi su, ba sa faɗuwa," in ji Likita.

"To ki sa su a bakinki ki gwada. A koma sha shida."

Yaya ya fito daga kujerar baya da ƙyar, yana miƙe ƙafa yana dariya har da hawaye. Ya yanki kwali ya rubuta da babban rubutu: Inna sha shida, fili ashirin da huɗu. Ya manna a cikin bonet, ya nuna wa Likita yadda za ta murza da kanta, sannan ya tura ta wajen mai saita tayoyi.

Lahadin da ta biyo baya ta je filin. Cikin motoci goma sha ɗaya ta zo ta uku, ita da ba ta taɓa wuce ta takwas ba. Labarin ya bazu a tsakanin abokan tserenta, kafin wata biyu gurnanin motoci ya zama ruwan dare a layinmu. Yaya ya koyi sunayen kamfanoni da shi da ni ba mu iya furtawa daidai, kuma ya kori samari biyu da suka ce shi dai ya sauke musu mota ƙasa, ko da ba za ta iya hawa tudu ba.

Wata safiya Likita ta kawo masa babban hoto a cikin firam. Jar motar ce a tsakiyar kwana, ita a ciki da hular kwano, mutane a bayan shinge sun ɗaga hannuwa. Muka taru muna yabawa. Yaya ya goge hannu a wando ya karɓa, ya matsa bakin ƙofa wajen haske, ya kai hoton kusa da hancinsa. Ya daɗe a haka. Na zaci kuka zai yi.

"Likita," ya ce, "kin ga tayar nan ta gaba, ta ciki? Ta ɗaga daga ƙasa. Ga haske nan a ƙarƙashinta, kamar kaurin takarda."

"Baba, ta uku fa na zo."

"Na ji, kuma na yi murna. Kawo ta ranar Litinin da safe."

Ya buga ƙusa ya rataye hoton a bangon da ke fuskantar ramin, ya ja da baya ya gyara shi sau biyu har ya tsaya daidai, sannan ya sauka matakala ya koma ƙarƙashin motar hayar da ke jiransa, yana 'yar waƙarsa.