Yadda Na Sallami Baba Sabo Sau Biyu

Har gobe ba zan manta da ranar da Hajiya mai makarantarmu ta kira ni ofishinta ba. Shekarar da aka cire tallafin mai ce, ina jami'in gudanarwa a wata makarantar kuɗi a Kusfa.

"Malam Nuhu, mun sayar da motar ɗaukar yara," in ji ta. "Ka shirya wa Baba Sabo takardar sallama, a rabu lafiya."

Ga wanda bai sani ba, takardar yarjejeniya ce: makaranta ta biya ma'aikaci haƙƙinsa da ɗan ƙari, shi kuma ya sa hannu cewa aiki ya ƙare, ba ƙara, ba ƙorafi. Ban jima da dawowa daga wata bita a Kaduna ba, don haka na zauna na zuba Turanci shafi shafi, ina karantawa ina jinjina wa kaina.

Sai dai Baba Sabo, direban motar, abokin mahaifina ne, ya san ni tun ina yawo ba wando. Da na kira shi ofis, yana zama ya ce, "Nuhu, ya mutanen gida?" sai duk abin da na haddace ya gudu. Na gaishe shi, na sake gaishe shi. Na ce makaranta ta yaba da hidimarsa, lokaci ya yi da zai huta da wahalar sitiyari, kuma an tanadar masa ɗan alheri. Kalmar "sallama" kuwa ban furta ta ba. Ya sa hannu da ajami, ya yi ta sa mini albarka. Ni kuma na je ina yi wa Hajiya fankama cewa ban taɓa ganin sallama mai sauƙi haka ba.

Ranar Litinin sai ga Baba Sabo cikin sabuwar shadda, da biro a aljihu.

"Nuhu, wane ofis aka ba ni? Alhaji Ɗanlami mai hatsi ma ya nemi in riƙa ja masa mota, na ce ya yi haƙuri, an yi mini ƙarin girma."

Na ce ya ɗan jira, na ruga wajen Hajiya gumi na keto mini. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Mutumin da bai san abin da ya sa wa hannu ba, ina yarjejeniya a nan? Yaga ta. Kuma kai za ka faɗa masa, ba ni ba."

Na koma na rufe ƙofa. "Baba, ba ƙarin girma ba ne. An sallame ka daga aiki."

Ya zare biron ya ajiye a kan teburina.

"Wannan ce maganar da ta gagare ka, har ka bar ni na zaga Ƙofar Kibo ina amsa barka?"

Na sake rubuta takardar da Hausa, na karanta masa a gaban ƙaninsa, ya tafi da ita gida ya yi shawara. Abu ɗaya ya nemi a ƙara: shaidar cewa bai taɓa yin haɗari da yaran mutane ba. Hajiya ta amince, ya sa hannu.

Daga nan ya tasa ni gaba har shagon Alhaji Ɗanlami, ya ce in yi bayani da bakina. Na yi, leburori suna ta ƙyaƙyata dariya a bayan buhuna. Alhaji ya riga ya ɗauki wani direban, sai da kaka ta yi ya ƙara mota, sannan Baba Sabo ya samu. Watannin da ya yi a zaune, ni na jawo masa.

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuke tasowa: takarda ba za ta faɗi abin da kuka ji nauyin faɗa a madadinku ba. Kwane-kwanen da na yi ran nan, na ɗauka girmama Baba Sabo nake yi, ashe kaina nake ji. Idan za ku sallami mutum, ku gaishe shi sau ɗaya, ku faɗa masa da harshen da yake ji, sannan ku ɗauko takarda.