A Hankali, Da Mutum a Ciki

Jiya wata mota ta wuce ƙofar gidana tana jan ɗan ɗaki mai tayoyi, sai Baba ya faɗo mini a rai.

Shekarar samun mulkin kai ya sayi irinsa, ƙirar Faransa, a hannun wani Nasara mai komawa gida. Mutanen Damagaram suka yi ta dariya, don ko keke ba shi da shi. Amma ƙafafun Inna, mahaifiyata, sun mutu, ga begen garinsu Mirriya, kuma ba ta iya zaman kamiyo, wato babbar mota.

Shanu biyu ya sa aka ɗaura wa ɗakin. Muka kwantar da ita a gadon ciki, mai ƙamshin katako da fenti. Baba yana tafe a ƙasa, hannunsa a kan taga, kowane rami sai ya ce wa mai shanun, "A hankali, ɗan'uwa, da mutum a ciki."

Da iskar lambunan Mirriya ta shigo, Inna ta ɗaga labule. "Malam, mun iso," ta ce, hawaye na zuba.

Ranar da aka fita da makarar Baba, na ji bakina yana cewa, "A hankali, da mutum a ciki." Allah, yadda ya lallaɓa ta, ka lallaɓa shi.