Ɓerayen da Na Ba Shayi

Shekarun baya, ina zaune a unguwar Manshiya a ƙasar Libiya, abokina ya samo mini aikin shara a wani ɗakin bincike a nan garin Sabha. Sai da na je na tarar ashe ɓeraye zan yi wa hidima, farare tas. Ni da na tashi ina bin ɓera da muciya a rumbun mahaifina, yau ga ni ina canza masa shimfiɗa.

Likitan wurin yakan yi musu allura, ya ɗora ƙafafunsu na gaba kan wani ɗan ƙarfe, ya duba agogo. Sai ɓera ya sandare a haka, ido buɗe. Abin ya ɗaure mini kai: ba mutuwa ba, ba barci ba. Na ce sanyin ɗakin ne ya kama bayin Allah. Sai na riƙa tsoma burodi a shayina, baƙin nan mai kauri na Libiya, ina ba su kafin ya iso.

Kwana huɗu yana allura, ɓeraye na sauka suna yawonsu. Ya canza kwalbar maganin, ya sake awo, har ya fara magana shi kaɗai. Rana ta biyar ya kama ni dumu-dumu.

"Ya Haj, me kake ba su?"

"Shayi ne kawai, Doktor. Na ga sun ƙage."

Ya dafe kai. Na ce shi ke nan, kora ta zo. Sai ya zaunar da ni. "Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, dopamin, shi ke ba jiki izinin motsi. Allurar nan hanya take tare masa, shayinka kuma ya tsoma baki. Jikin ne ba ya amsa kira. Haka wasu tsofaffi suke fama."

Nan take hankalina ya koma gida. Mahaifina a gida yakan tsaya a bakin ƙofa, hannu na rawa, a yi ta kiransa ya kasa ɗaga ƙafa. Muna cewa rigimar tsufa ce. Ni da bakina na taɓa ce masa ya daina wahalar da mahaifiyata.

Ranar na buga waya a kai shi asibiti. An ɗora shi kan magani, ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa har Allah ya karɓi abinsa.

Har yau ban gane dopamin ɗin nan ba, balle abin da ya haɗa shi da shayi. Abin da na sani, kuma yake ci mini rai: ɓera ya sandare na jiƙa masa burodi, mahaifina kuwa shekara biyu yana tsayawa a ƙofa, ban taɓa miƙa masa hannu ba.